Yadda Kawu Thoi Ya Hutar da Matarsa

Duk wanda ya taɓa bi ta ƙauyenmu a kwalekwale, ko bai ga Kawu Thoi ba ya ji muryarsa. Mutum ne siriri mai dogon wuya, in ya buɗe baki a wannan gaɓar, karnukan waccan gaɓar ke amsa masa. A faɗarsa babu sana'ar da bai iya ba. Shi ya san kiwon kwaɗi, shi ya san gyaran injin jirgi, kuma da an bi shawararsa da tuni ruwan gishiri ya daina shigowa gonaki. Abin da ba a taɓa gani ba shi ne ranar da ya kama wani aiki ya kai shi ƙarshe. Yawancin iliminsa a kwance yake bayar da shi, cikin ragar lilo da ya ɗaura tsakanin bishiyoyin kwakwa a ƙofar gida, ƙafa ɗaya na reto.

Gidan kuwa a wuyan matarsa yake, Goggo Sen. Tun zakara bai yi cara ba take hura wuta, ta dafa romon kifi, ta loda tukunya da taliyar shinkafa a kwalekwale, ta tuƙa zuwa kasuwar kan ruwa. In ta dawo ga agwagi, ga wanki, ga lambun ayaba, ga kuma tunanin 'ya'yanta da ke aikin masaƙa a birnin Saigon. Ba ta da yawan magana. Mutane suna cewa ba halinta ba ne, wuri ne ba ta samu ba, maigidan ya cinye rabonta.

Wata safiya tana zuba wa wani mai kankana romo, sai ta ga kasuwar na juyawa. Ludayi ya suɓuce ya faɗa ruwa, ita ma saura ƙiris ta bi shi, mata suka riƙo ta. Aka kai ta ƙaramin asibitin gunduma, aka aika wa Thoi. Malamar asibiti ta ɗaura mata abin awo a hannu, ta duba, ta sake dubawa, sannan ta juyo.

“Kawu, jinin Goggo ya hau sosai. Ga magani, amma magani kaɗai ba zai yi ba. Ta rage aiki, ta rage tunani, kullum da rana ta kwanta ta yi barci. In ba haka ba wata rana ɓarin jiki zai shanye, kuma shi ba ya aiko da saƙo kafin ya zo.”

Gaban Thoi ya faɗi, faɗuwa ta gaske. Yana son matar nan, ko da yake bai taɓa faɗa ba, shi da ke faɗar komai. Sai dai shi tsoro ba ya zama a cikinsa. Ta baki yake fita, in ya fito kuma ya rikiɗe ya zama fankama.

Ya bugi ƙirji ya ce, “Barci? 'Yar nan, ai kin kawo ƙara gidan alƙali. Tun ba a haife ki ba nake wannan fannin. Duk yankin nan babu wanda ya san kan hutu kamar ni.”

Sen ta ce, “Wannan kam gaskiya ya faɗa.”

Washegari ya hana ta zuwa kasuwa. Ya kwance ragarsa da hannunsa, abin da bai taɓa yi wa kowa ba, ya ɗaura ta a ɗakin gaba. Da rana ta take, ya tsaya a kan matar, hannu a ƙugu.

“Uwar yara, kwanta. A'a, ba haka ba, a karkace ake shiga raga. Saki kafaɗa. Saki, na ce. Yanzu kar ki yi tunanin komai. Me kike tunani?”

“Agwagi ba su ci ba.”

“Ba yanzu na ce kar ki yi tunani ba?”

“To kai ka tambaya.”

“Rufe ido. Kin yi barcin?”

Ta buɗe ido ɗaya ta dube shi. “Baban yara, da za a ɗan samu shiru, ina jin zan iya.”

Thoi ya kasa kunne. Can wani kare na haushi, can wata na fasa kwakwa, wani jirgi mai inji na wucewa yana tatata. Ya gyaɗa kai, ya gano bakin zaren. Ashe mutanen ƙauyen nan ne ba su da tarbiyya. Ya ja ƙofa ya rufe, ya jawo lasifikarsa mai taya, wadda yake kaiwa gidajen biki ya rera waƙa ko ba a roƙe shi ba, ya murɗa ta har ƙarshe, ya kama hanyar siminti da ke bin bakin ruwa.

“Jama'a! Jama'a! Kowa ya yi shiru! Sen ba ta da lafiya! Malamar asibiti ta ce kar a dame ta! Mai kare ya ɗaure bakin karensa! Ke mai fasa kwakwa, ina jin ki!”

Ya je har gada ya dawo yana maimaitawa. Jarirai suka farka, karnukan da ba su da niyyar haushi suka shiga layi.

To, a wajenmu ba a jin maƙwabci ba shi da lafiya a zauna. Kafin Thoi ya jingine lasifikar, mata sun fara sallama. Wannan da lemo a leda, waccan da madarar gwangwani, wata da ganyen da ya warkar da surukarta. Baƙo kuma ba ya zama a gida ba shayi. Thoi ya ce shi zai dafa, ya shiga madafa ya yi ta ƙwaram-ƙwaram da tukwane, daga ƙarshe ya leƙo ya tambayi inda ake ajiye ganyen shayi, a gidan da aka haife shi. Sen ta sauko daga raga ta hura wuta.

Ana cikin haka sai ga Yaya Muoi, yayar Thoi, ta tsallako daga hayi da kwalbar man zafi da cokali. Tsohuwa ce gajera mai kaifin harshe, ita kaɗai ce Thoi ke shakka a duniya. Ba ta gaisa da kowa ba ta kifar da Sen a kan tabarma, ta shafa mata man a baya, ta shiga kankara da bakin cokali don ta fitar da iskar da ta shige ta, har bayan ya yi jajayen layuka.

Thoi ya ce, “Yaya, barci aka ce ta yi. Ni ke kula da lamarin.”

“Kai? Kai ne za ka hutar da ita? Ai kai ne ciwon.”

“Ke ba ki san ilimin zamani ba.”

“Na san ka tun kana fitsarin kwance. A lokacin ma barcin kawai ka iya, shi ɗin ma sai ka jiƙa tabarma.”

Mata suka kwashe da dariya. Ran Thoi ya ɓaci, ya shiga tafa hannu yana cewa an gode, an gode, lokacin dubiya ya ƙare. Suka fita suna harararsa, suka bar kofuna jibge da kujerun roba warwatse a tsakar gida. Ya mayar da Sen cikin raga, ya rufe ƙofa, ya tsaya a waje yana gadi.

Sai babur ya wuce, fuuu. Wani ya biyo, da kwandon kaji a baya. Hanyar simintin nan ta gaban ƙofarsu take bi, kuma ɗan ƙauyenmu ba ya wuce gidan wanda ya sani bai danna ham ba. Thoi ya ɗaga musu hannu, suka ɗauka gaisuwa ce, suka ƙara dannawa.

Nan dabara ta biyu ta zo masa, ya ji daɗin kansa ƙwarai. Ya ruga ɗakin taron ƙauye ya jawo rumfar tamfol ɗin nan da ake kafawa a tare hanya in ana sha'anin biki ko na mutuwa, don kowa ya san in ya ga rumfa sai ya kewaya ta bayan lambu. Rumfar da majiya ƙarfi ke taruwa su kafa, shi kaɗai ya ce zai tayar. Ya kafa ƙarfe ɗaya, ya je ya ɗaga na biyu, na farkon ya ce bai yarda ba, ya sauko masa a tsakar ka, ƙwal. Ya ga taurari da rana tsaka. Ya dafe wurin, ya ji jini. Bai yi ihu ba, don dai kar a ce gwani ya ji ciwo. Ya lallaɓa wajen igiyar shanya, ya fizgo farin ƙyallen da Sen ke tace romo da shi, ya naɗe kai tamau, ya koma ya gama da rumfar a karkace.

Da ya ga sauro na shawagi a bakin taga, sai ya ce waɗannan ma ba za su taɓa masa mata ba. Maganin sauro ya ƙare, don haka ya ɗebo turaren tsinke da ake kunna wa kakannin da suka rasu, ya cika hannu, ya soka a gwangwanin yashi a bakin ƙofa ya kunna. Ya jera kujerun roba a ƙarƙashin rumfa don kar wani ya ratsa, ya zauna a kan ɗaya yana haki. Rabon da ya yi aiki irin wannan har ya manta. Iska ta kaɗa, kai ya yi nauyi, haɓa ta sauka a ƙirji. Gwanin barci ya yi abin da ya iya.

A cikin ɗaki kuwa idon Sen biyu. Bayanta na raɗaɗi, hayaƙi na shiga mata hanci, kofunan nan na ranta, agwagi kuma sun fara kuka a bayan gida. Ta juya, ta sake juyawa. Daga ƙarshe ta sauko a hankali ta fice ta ƙofar baya.

Lanh mai sayar da ƙanƙara ne ya fara gani, yana wucewa a kwalekwalensa. Ya ga rumfa ta tare hanya. Ya ga hayaƙin turare na tashi a bakin ƙofa rufaffiya. Ya ga Kawu Thoi zaune, kai a sunkuye, da farin ƙyalle a ka, wanda ba mai ɗaura shi sai wanda aka yi wa rasuwa. Ya kashe inji.

“Kawu Thoi! Kawu!”

Shiru. Rumfa da turare da ƙyalle duk ana iya musu, amma a kira Kawu Thoi ya ƙi amsawa, wannan ba ƙaramin abu ba ne zai sa. Lanh ya zaro waya. Kan ka ce kwabo labari ya kai gada, ya tsallaka hayi, ya shiga kasuwa: Goggo Sen ta cika, ɗazu-ɗazun nan aka sha shayi da ita.

Mata suka fito da kuka, wasu da buhun shinkafa, wasu da kaji da aka riga aka yanka don abincin masu zaman makoki. 'Yan badujalar jana'iza, waɗanda suka kwana biyu ba su samu aiki ba, ba su jira a kira su ba, don kar na ƙauyen gaba su riga su. Shugabansu Khanh ya loda su a jirgi da fararen rigunansu, suka sauka a bakin gidan, suka jeru a bayan kujerar Thoi. Khanh ya ɗaga sanda. Ƙahonni da ganguna suka fashe gaba ɗaya.

Thoi ya yi tsalle ya faɗi da kujera. Ya buɗe ido ya ga jama'a cike da rumfa ana kuka, ga Yaya Muoi ta yo kansa da takalmi a hannu, hawaye shaɓe-shaɓe.

“Ka kashe ta! Malalacin banza, ka kashe 'yar mutane!”

“Wa? Wa na kashe?”

“Sen mana! Kana tambaya!”

Thoi ya dubi masu kuka, ya dubi 'yan badujala. Bai tsaya tunanin komai ba, ya yarda. Ai duk ƙauye ba za su taru su yi ƙarya ba. Ya ɗora hannu a ka ya kurma ihun da ya danne ƙahonnin.

“Wayyo uwar yara! Ina barci kika tafi! Ni da na ce zan yi gadi! Wa zai tashe ni da safe? Ko ruwan zafi ban iya dafawa ba! Ita ce gidan, jama'a, ni baki ne kawai! Ku ɗauke ni ku bar ta!”

Ya banke ƙofa ya faɗa ɗaki, ya tarar da raga wayam. Ya fito yana birgima. “Har an ɗauke ta! Ko sallama ban yi da ita ba!”

Daidai nan Sen ta zagayo ta gefen gida, da kwanon dusar agwagi a ƙugu, hannu duk kumfar sabulu. Ta tsaya tana kallon taron.

“Wa ya mutu?”

Ganga ta tsaya. Mai babban ƙaho ya ja da baya har ya zauna a cikin kwandon kaji. Wata mata ta saki buhun shinkafa a ƙafar mijinta. Yaya Muoi ce ta fara samun baki.

“Ke.”

“Ni? Yaushe?”

“Ɗazu.”

“To ba wanda ya gaya mini. Da na bar wanke-wanken.”

Idanu suka koma kan Thoi ɗaya bayan ɗaya, suka tsaya a kansa. Ya kai hannu ya shafa ƙyallen. Ya dubi rumfa, ya dubi turare. Sai a lokacin ya ga abin da kowa ya gani.

Sen ta ce, “Baban yara, wannan ba matacin romona ba ne?”

Dariyar da ta ɓarke har a hayi an ji ta. Masu hawaye ba su ma share ba suka ci gaba da wani sabon hawayen. Thoi ya miƙe ya kakkaɓe wando, ya gyara murya.

“Ai da gangan na yi. Gwada ku nake, in ga masu zumunci.”

Yaya Muoi ta ce, “Birgimar ma gwaji ce?”

Lanh ya ce, “Kawu, maimaita wurin nan na ‘ni baki ne kawai’, ban ɗauka a waya ba.”

Kunya ta rasa inda za ta, sai ta zama faɗa, faɗan kuma ya sauka a kan 'yan badujala. “Ku kuma wa ya gayyace ku? Ungulaye kawai! Ku shiga jirginku ku ba ni wuri, ko in tura shi ya tafi ya bar ku!”

Khanh ya ce, “Kawu, ruwa fa ya janye.”

“Ni za ka koya wa ruwa? A bakinsa aka yanke mini cibiya!”

Ya taka katakon da ake sauka daga jirgi da gudu, ya daka tsalle zai dafa jirgin ya tura. Jirgin na zaune daram a kan laka, don ruwan koginmu kullum yakan janye zuwa teku sannan ya dawo. Thoi ya sauka gefensa, cakwaɓ, ya nutse har ƙirji. Ya yunƙura, ya ƙara nutsewa. Aka sake kwashewa da dariya, ba wanda ya yi saurin miƙa masa hannu.

Sen ta yi dariya har ta ajiye kwanon ta riƙe ciki. Mutane da yawa a wurin ba su taɓa jin sautin dariyarta ba. Da ta sarara, ta ga kajin da aka yanka da shinkafar da aka kawo, sai ta fara naɗe hannun riga.

“Bari in ɗora tukunya, kar naman ya lalace.”

Yaya Muoi ta tare ta. “Ina za ki? Gawa ba ta aiki. Wuce ki kwanta.”

“Yaya, baƙi fa...”

“Ba baƙinki ba ne, 'yan makokinki ne, su ke dafawa. Ke, kama kajin nan. Ke kuma ƙarasa wanke-wanken. Gobe ni zan kai tukunya kasuwa, jibi wata ta karɓa. Mun yi miki kuka yau, ya ishe mu, ba ma son na gaske.”

Ta tura ta cikin raga, ta bar ƙofa a buɗe don iska. Sen ta kwanta a karkace. Tana jin ana fige kaji, ana ɗauraye kofuna, wata na kiran agwagi da irin kiran da ita take yi. Duk ayyukanta ne, ga su suna tafiya, kuma ba da hannunta ba. Ta ji wani abu da ya daɗe a ɗaure a ƙirjinta ya kwance. Idonta ya yi nauyi.

A cikin laka kuwa Thoi ya gaji da jira. Ruwa ya fara dawowa a hankali, ƙananan ƙaguwa sun gano shi, ɗaya ta kama shi a cinya. Ya cika ƙirji da iska zai kwarara ihun da zai tara ƙauye. Yaya Muoi ta fito bakin gaɓa, ta nuna masa ƙofar ɗaki da haɓa.

Ta ƙarƙashin rumfa ya hango ragar. Hannun Sen ya zubo ta gefe, yatsu a sake, bakinta a ɗan buɗe. Tun da ya aure ta bai taɓa ganin fuskarta tana barci ba, kullum shi ke riga ta kwanciya, ita ke riga shi tashi. Tausayi da kunya suka cika shi, ya saki iskar a hankali ta hanci. Ƙaguwar ta ƙara matsawa, ya cusa hannu a baki ya cije.

Mata suka rage murya. 'Yan badujala suka zauna a inuwa, kowa ya rungume ƙahonsa. Khanh ya lallaɓo bakin katako da dogon gora, ya miƙa masa, ya yi raɗa.

“Kawu, kama mu jawo ka. Ruwa na tahowa.”

Thoi ya dubi goran. Ya san in aka fizge shi lakar za ta yi ƙara, ya san mutanen nan ba za su iya riƙe dariya ba, ya kuma san shi kansa ba zai fito bai yi jawabi ba. Ya girgiza kai. Da wata ƙaramar murya da ba wanda ya san yana da ita ya ce:

“Bari tukuna. Sai ta tashi.”